Shekarar da Na Kai Abu Fahad Cleveland

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan zancen tafiyata Amurka ya taso, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa a gabana. Kuna cewa Baba ya shiga ƙasar da mutane ke sayar da gonakin gado don su taka, ya yi wata huɗu cur, ya dawo da hotuna da rigar sanyi, ya zaɓi wani tsohon Balarabe a kan 'ya'yansa. Ban taɓa jin haushinku ba. Kuna ƙanana a lokacin, rabin labarin kuka ji, shi ma ta bayan labule. Yanzu da ciwon gwiwa ya sauke ni daga kan sitiyari na sami zama, zan ba ku shi yadda ya faru.

A shekarar na cika goma sha shida ina tuƙa Abu Fahad. Shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zama a Saudiyya, da ta mahaifiyarku da taku duk a ƙarƙashin sunansa suke. Da safe in kai shi ofishinsa a unguwar Ulaya a nan Riyad, bayan la'asar in ɗauko shi, mahaifiyarku tana girki a cikin gida, muna zaune a ɗakuna biyun nan na bayan gareji da kuka tashi a cikinsu. Mutum ne mai faɗa. Idan na bi hanyar da ba ita yake so ba, har mu isa yana mita, ko da tawa ta fi sauri. Amma bai taɓa ci mini mutunci a gaban mutane ba, kuma shi ya tsaya tsayin daka har aka ba ni izinin kawo mahaifiyarku, abin da ba kowane direba ke samu ba. Shi ne kuma ya laƙaba mini Abu Bashir, da sunan yayanku. Ni kuwa a Malumfashi aka haife ni, inda mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari ko a cikin ɗaki, don haka na yi shekara biyu ina sunkuyar da kai duk sanda ya ƙwala mini kira.

Zuciyarsa ce ta fara ba shi wahala. Likitoci suka ce a kai shi wani babban asibiti a birnin Cleveland, can cikin Amurka, a yi masa aiki. Matarsa ta riga ta rasu, babban ɗansa Fahad ne zai raka shi. Fahad ya so ya ɗauki mai jinya a can, tsohon ya ƙi.

"Ba zan je in kwanta a hannun wanda bai san yadda nake shan gahawa ba," in ji shi. "Ko a tafi da Abu Bashir, ko ku bar ni a gadona."

Haka Fahad ya yi ta zirga-zirga da takarduna har aka buga mini bizar mai hidima. Muka sauka ƙarshen zafinsu, wanda a wurinmu mutanen Riyad sanyi ne mai daɗi. Aka yi aiki lafiya. Bayan mako uku kasuwanci ya kira Fahad gida, ya kama mana gida kusa da asibitin, ya yi hayar mota, ya miƙa mini makulli ya tafi. Daga nan wahalar ta fara. Abu Fahad ya daina cin abinci. An hana shi gishiri, an hana shi kitse, abin da ake kawo masa dafaffen kayan lambu ne da tsokar kaza fara fat, ko ni mai lafiya sai na rufe ido nake haɗiyewa. Ya juya fuskarsa bango. Mutumin da ke faɗa da ni a kan kowace kwana, sai ga shi in yi magana ya ɗaga hannu kawai. Likitarsa, wata mace doguwa mai furfura, ta kira ni tare da tafinta ta ce zuciyar ta gyaru, amma idan bai ci ba, bai kuma yi tafiya da ƙafarsa ba, ba za ta sa hannu ya hau jirgi ba, kuma tana tsoron abin da ya fi haka. Ni direba ne, ba likita ba. Amma na san Abu Fahad, na kuma san ba ciwo ke cinsa ba, kewa ce.

Tafintan ya kwatanta mini unguwar da Larabawa ke da shaguna, a yammacin birnin. Na tsallaka wata babbar gada da ke da manyan mutum-mutumi na dutse a bakinta, kowanne riƙe da abin hawa a hannu, ɗaya keken doki, ɗaya babbar mota. Na ce a raina, garin da ya sassaƙa dutse don girmama abin hawa ba zai wulaƙanta direba ba. Na sami gidan abincin wani mutumin Yaman, na shiga ina yi masa bayani da Larabci cewa ina son romo marar gishiri. Yana girgiza kai yana cewa abinci babu gishiri ai ba abinci ba ne, sai na ji wata murya daga cikin kicin tana cewa:

"Kai, wannan albasa yau sai ta makantar da ni."

Da Hausa. Na tsaya cak. Wata guda ke nan ban ji Hausa ba sai a waya. Na ɗaga murya na ce, "Sannu da aiki, mai albasa."

Can sai ga wani baƙin mutum siriri ya leƙo, wuƙa a hannu, idanunsa na zubar da hawaye, ban sani ba ko na albasar ne kaɗai. Sunansa Hamisu, mutumin Maraɗi, shekararsa goma sha uku a garin, shi ke gashin nama a gidan. Muka gaisa kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya. Da na gaya masa damuwata sai ya yi dariya.

"Malam Isa, ai ba gishiri kaɗai ke sa miya daɗi ba. Zauna ka gani."

Ya dafa farfesun kaza da citta da kanumfari da tafarnuwa da masoro, ya matsa lemon tsami a kai, bai sa gishiri ko ƙwaya ba. Na kai gida da zafinsa, na buɗe kwanon a tsakiyar ɗaki, na shiga wanke kofuna. Ina jin motsi a bayana ban waiwaya ba. Da na dawo, tsohon na zaune a bakin gado yana share kwanon da gutsuren gurasa.

"Wa ya dafa wannan?"

"Wani ɗan'uwana ne, ya ammi," na ce, wato baffa.

"Kana da ɗan'uwa a Amurka ba ka taɓa gaya mini ba? Gobe ka ce ya rage tsamin."

Da na ji ya koma ƙorafi, na san mun tsira.

Ranar Litinin Hamisu ba ya aiki. Shi ya ba da shawarar mu riƙa fitar da tsohon, shi yana gaba yana nuna hanya, ni ina tuƙi, Abu Fahad a baya cikin bargo yana gyara mana tuƙin garin da bai sani ba. Wurin da muka fara zuwa shi ne bakin tabkin da birnin ke jingine da shi. Sun ce tabki ne, amma ba ka hango ɗaya gaɓar, har manyan jiragen ruwa ke tafiya a ciki. Na tura tsohon a keken marasa lafiya har inda siminti ya ƙare yashi ya fara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Hamisu ko teku ne. Hamisu ya ce a'a, ruwan daɗi ne, shi garin ke sha. Tsohon bai yarda ba. Mutum ne da aka haifa a ƙauyen da ake jan ruwa daga rijiya da raƙumi, ya girma yana ganin ana faɗa a kan salka guda. Ya ce in ɗebo ya ɗanɗana. Na ce keken ba ya shiga yashi, ni kuma ba zan bar shi shi kaɗai ba. Ƙarya ce, Hamisu na tsaye, amma na ga dama ce ta samu in sa shi takawa. Ya harare ni, ya kama kafaɗata, ya miƙe. Taku ashirin ne ko ƙasa da haka, muka yi su kamar masu tafiya Makka a ƙafa. Ya sunkuya ya tsoma yatsa ya kai bakinsa.

"Subhanallah," ya ce. "Duk wannan, kuma ba mai gadinsa."

Tun daga ranar kullum sai ya tambaye ni kwana nawa ya rage Litinin. Muka je tsohuwar kasuwarsu mai doguwar hasumiya da agogo, wadda rufinta ya yi kama da na tashar jirgin ƙasa. Hamisu ya san kowane layi, ya san inda za mu kau da kai saboda naman alade, ya san matar da ke sayar da zuma da tsohon da ke gasa burodi mai tsami. A nan na fara cin wani abincinsu da mutanen gabashin Turai suka zo da shi, ƙullin fulawa ne da ake cusa wa dankali da cuku a soya da albasa. Sai da Hamisu ya tabbatar da man shanu aka soya kafin ya bari mu taɓa. Abu Fahad ya ci guda ɗaya, likita ba ta yarda da fiye da haka ba, ya ce sambusa ce da ba ta ji wuta ba, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki tawa. Kifin tabkin kuwa, wanda mutanen garin ke soyawa duk ranar Juma'a, mu sai muka saya ɗanye Hamisu ya gasa masa da yaji marar gishiri. Ban sake cin kifi mai zaƙinsa ba, har a Jidda.

Akwai gidan tarihi da ake shiga kyauta, da wani zaure cike da sulke da takubban mutanen da. Ni can hankalina ya tafi. Shi kuwa tsohon sai ya gano ɗakin da aka ajiye dardumai da tsofaffin shafukan Alƙur'ani a cikin gilashi. Ya tsaya a gaban wani shafi ya fara karantawa da ƙarfi, da irin muryar da yake jan sallah a gida. Mai gadin wurin, wata baƙar mace mai jiki, ta matso, na ɗauka za ta hana shi. Sai ta tsaya ta harɗe hannu har ya kai ƙarshen shafin, sannan ta ce ta yi shekaru tana gadin takardar nan ba ta taɓa jin sautinta ba. Da sanyi ya fara shigowa muka koma zuwa wani lambu da aka rufe da gilashi, ciki da ɗumi, malam-buɗe-littafi na yawo ko'ina. Nan yake yin tafiyar da likita ta ɗora masa, idan ya gaji ya zauna a benci ya yi gyangyaɗi. Wata Litinin kuma muka fita bayan gari lokacin da ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya, kamar an cinna wa dajin wuta ba hayaƙi. Muka tsinki tuffa da hannunmu a wata gona. Muka wuce ƙauyukan wasu mutane masu dogon gemu da suka ƙi mota suka ƙi lantarki, sai keken doki. Na rage gudu a bayan wani keken, tsohon ya dafa kujerata yana dariya har da tari.

"Abu Bashir, da a nan aka haife ka, da yunwa ta kashe ka."

Ba zan ɓoye muku ba, na so garin nan. Na so yadda motoci ke tsayawa idan mutum ya sa ƙafa a titi. Na so yadda ba wanda ya taɓa tambayata waye kafilina. Hamisu ya lura. Wata Juma'a bayan mun fito masallaci ya ja ni gefe ya ce mai gidansu zai buɗe wani wurin abinci na biyu, yana neman mutum mai Larabci, mai amana.

"Ka zauna, Malam Isa. Ranar tafiya ka fita kamar za ka sayo wani abu, ka zo wurina. Ba kai ne na farko ba. Takarda za ta zo daga baya, in Allah ya so. Shekara nawa za ka yi kana buɗe wa wani ƙofar mota?"

Na kasa cin abinci ranar. Washegari da hantsi, lokacin la'asar ta yi a Riyad, na kira mahaifiyarku na gaya mata, ina tsammanin za ta ce in bar wannan zancen. Sai ta ce:

"Ka zauna."

"Hajara, kin ji abin da na ce kuwa? In na zauna iƙamarku ta faɗi."

"Na ji. Zan kwashe yara mu koma Malumfashi mu jira ka. Yaron nan saura shekara uku ya gama sakandare. Wace jami'a za ta ɗauke shi a nan, ɗan direba, baƙo? A nan aka haife su amma ba 'yan nan ba ne, ba kuma za su taɓa zama ba. Ƙofa ce Allah ya buɗe maka."

Ban gama jin wannan ba sai yayanku ya karɓe wayar, ashe yana tsaye yana ji. Da Larabci ya yi magana, don a lokacin Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ce, Baba, don Allah kada ka dawo. Na san abin da yake nufi, amma kalmar ta zauna mini a ƙirji. Duk da haka na ga gaskiyarsu. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: na yarda. Na sayi takalmin ƙanƙara, na haɗa 'yan kayana a ƙaramar jaka na kai ɗakin Hamisu na ajiye. Saura kwana goma mu tashi, ni a raina na riga na zama mutumin Cleveland.

Ana saura mako guda Hamisu ya ce in zo masa ranar Juma'a da sassafe, za a ɗaura wa 'yarsa ta fari aure a Maraɗi, yana son ya sami wanda zai zauna da shi. Na ba tsohon magani da karin kumallo na tafi. Ɗakinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. Na tarar ya sa babbar riga fara da hula, ya fesa turare, ya zuba goro da alawa a faranti ya ajiye a tsakiyar darduma. Mu biyu ne. Ya jingina waya da kofin shayi. A can an sauko Juma'a, ƙaninsa na riƙe da waya a cikin taro, muna ganin rabin fuskar liman da kafaɗun mutane. Ƙanin ne ya ba da auren. Ana tsakiyar siga hoton ya tsaya, muryar ta yanke. Hamisu ya yi ta danna waya yana ɗaga ta sama wajen taga. Kafin ta dawo an shafa fatiha. Ya juyo ya miƙa mini hannu, na ce Allah ya sanya alheri, ya ba ni goro.

Can aka kai wa amarya waya a cikin gida. Tana da shekara shida ya baro ta. Ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa babban baƙo, ya yi mata nasiha tana cewa to, to. Sai aka kira ta daga waje, na ji ta ce, "Ina zuwa, Baba na kira na." Ƙanin nasa take nufi. Wayar ta mutu. Hamisu ya cire hular ya ajiye a gwiwa.

"Shi ya rene ta, ai da gaskiyarta," in ji shi. "Mahaifiyata ma a wayar nan na yi mata sallama. In na fita ƙasar nan ba ni da hanyar dawowa, shi ya sa ban fita ba." Ya share fuska. "Amma kada wannan ya karya maka gwiwa. Na gina musu gida, duk sun yi karatu, ba wanda ya kwana da yunwa. Ka zauna."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma har gobe ba na ganin laifinsa. Mutumin kirki ne, ya zaɓi nasa ya kuma ɗauki nauyinsa ba tare da kuka ba. Amma ina tuƙi a kan gadar nan ina komawa, sai na riƙa lissafa ku. Safiya tana da shekara bakwai. Auta ko yaye shi ba a yi ba. Na ga ranar da ɗayanku zai kwanta ciwo, ni ina ɗaga waya wajen taga.

Ana jibi za mu tashi ƙanƙarar farko ta sauka. Abu Fahad, wanda yanzu ke tafiya da sanda kawai, ya ce in kai shi bakin tabki ya yi ban kwana. Muka zauna cikin mota muna kallon farin abu na sauka a kan ruwa yana ɓacewa. Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da fasfona, wanda ke cikin jakarsa tun ranar da muka sauka, ya ajiye a kan cinyata.

"Ni tsoho ne, ba makaho ba. Na ga takalmin, na ga jakarka ta ɓace. Direban ɗan'uwana ma a garin nan ya tafi sayen madara, har yau bai dawo ba." Ya ɗaga hannu ya hana ni magana. "Abu ɗaya nake roƙo, ka sa ni a jirgi tukuna. Iyalinka ba mai taɓa su har yara su gama shekarar karatu. Ka tashe ni daga kabari, ba zan tsare maka hanya ba."

Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne dalilin da ya sa na ɗauki biro. Abu Fahad bai riƙe ni ba. Bai roƙe ni in dawo ba, bai tsorata ni ba. Mahaifiyarku ta sake ni, kafilina ya sake ni, fasfo na hannuna, aiki na jirana. Ba wanda ya rage sai ni. Na mayar da shi gida, na wuce ɗakin Hamisu na ɗauko jakata. Bai yi mini musu ba. Ya shiga kicin ya gasa mini tsire ya naɗe a takarda, ya raka ni har mota, muka rungume juna, ya ce in na je Madina in yi masa addu'a.

Da muka sauka Riyad mahaifiyarku ta ce sannu da zuwa, ta kawo abinci, ba ta ƙara wata kalma a kan haka ba. Abu Fahad ya ƙara shekara uku a duniya yana faɗa da ni a kan hanyar Ulaya, da ya rasu Fahad ya ci gaba da riƙe ni. Har yau idan wani a danginsu zai kai marar lafiya Cleveland, ni ake kira in faɗi inda za a ci da inda za a je, ina kuma tura su wurin Hamisu. Wannan shi ne ɓangaren mai sauƙi.

Mai wuyar shi ne abin da mahaifiyarku ta hango, kuma ya faru kamar yadda ta faɗa. Yayanku ya gama sakandare da sakamako mai kyau, muka nemi hanya a nan muka rasa. Dole ya tafi Kano, ƙasar da sau biyu kacal ya taɓa takawa, da Hausar da ke ba yara dariya. A makaranta suka sa masa suna Balarabe, shi da a Riyad ba a taɓa kiransa da haka ba. Ranar da na kai shi filin jirgi ya ɗauki jakarsa da kansa, ya miƙa mini hannu kamar abokin aiki. Idan ya kira waya, da mahaifiyarku yake magana, ni sai dai a ce yana gaishe ka. Babba, na san abin da ka sha a shekarun nan, na kuma san ni na jawo maka. Ba zan ce maka bai yi zafi ba. Da na zauna, mai yiwuwa da yanzu kana da fasfon da ba a tsayar da shi a ko'ina. Mai yiwuwa kuma da ina nan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ina jiran takarda. Ba wanda ya sani sai Allah.

Abin da na sani shi ne na damina ta biyu da tafiyar yayanku. Ina cikin mota a Ulaya ina jiran Fahad, wajen azahar, sai ƙanwata ta kira daga Kano tana kuka. Zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron, jikinsa bai san shi ba tunda a nan ya tashi, ya hau masa kai, an kwantar da shi bai san wanda ke kansa ba. Na hau bene na shiga ofishin Fahad ba sallama. Bai tambaye ni komai ba, ya buɗe wayarsa ya yi mini izinin fita da dawowa a take. Na biya unguwar Batha na karɓi tikiti, na koma gida na ɗauki riga biyu. Mahaifiyarku ta biyo ni har bakin gareji, ta riƙe hannun jakar ba ta saki ba na ɗan lokaci.

"Gara da kana nan," ta ce. Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar, kuma ya ishe ni.

Washegari kafin la'asar ina zaune a bakin gadonsa, ana yi masa ƙarin ruwa, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Na jiƙa tsumma ina goga masa a goshi. Kwana biyu ina nan a kujerar roba. A rana ta uku da hantsi ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona kamar yana tantama. Sai ya yi magana, da Hausa, Hausar Kano sosai, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Baba? Yaushe ka zo?"

"Ranar da aka kira ni na taso."

"Daga Riyad?"

"Daga Riyad."

Ya rufe ido, na ɗauka barci ya koma. Sai na ji yatsunsa suna lalube a kan zanin gado har suka sami hannuna.

"Yunwa nake ji," ya ce.

Na tashi na fita neman kunu.